Abin da Auta Take Ɗauke da Shi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku ke da Malam gaisuwar mai kewa, Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya. Mu dai alhamdu lillahi. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ta ba shukokinta ruwa, sai dai da ta ga ana kallonta sai ɗingishin ya dawo. Yara suna nan suna cinye mu da rai. Babansu yana gaishe ku.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Kin san gidan nan. Da wayata ta yi ƙara Umma za ta jawo kujera, kunnen nan nata da ta ce ya mutu kuwa nan take yake farfaɗowa. Direban nan maƙwabcinmu yanzu hanyarku yake bi da kaya, ya ce in ina da saƙo in riƙa ba shi.

Ƙorafi na kawo miki. Wata makaranta ta ba ni ɗinkin kayan ɗalibanta, riguna da wanduna jibgi guda, ana so kafin a dawo hutu. Wuta kuwa da rana ba a ganin ƙeyarta. Baban yara ya je kasuwa ya sayo batura da wani akwatin ƙarfe wai shi inbata, mai shagon ya rantse masa har firji zai ɗauka. Ɗauka kam yana ɗauka, amma da na taka keken ɗinki sai ya kama gurnani kamar an shaƙe shi, kafin in gama hannun riga injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Sai in zauna ina yi masa fifita da kwali kamar mai jinya. Fanka kuma wani irin zuuu take yi mai shiga haƙori. Umma ta ce gara zufa, ta sa an kashe.

Na ce da baban yara abin kunya ne, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya tana can tana zana irin waɗannan akwatuna, ni ina nan ina fifita. Ki faɗa mini, laifin keken ne ko na akwatin? Kuma ki faɗa mini me ya same ki, kwana biyu ko a waya gaisuwarki a tsaye take.

Taki,
Yaya

*

Yayata,

Wa alaikumus salam. Direba ya kawo saƙo har ƙofar ma'aikata, na karanta a tsaye ina dariya, mai gadi yana kallona. Muna lafiya ni da Malam. Ki duƙa ki gaishe mini da Umma, ki ja kunnen yara a madadina.

Kekenki ba shi da laifi, ki daina zaginsa. Wutar batir a miƙe take tafiya, hanya ɗaya, ba ta juyowa. Wutar gida kuwa kai da komo take yi, ta hau a hankali ta sauko a hankali, sau da yawa cikin ƙiftawar ido, kuma da irinta aka gina injin kekenki da fanka. Aikin inbata shi ne ya mayar da ta batir irin ta gida. Naku na arha ba ya wahalar da kansa, sara yake yi: ya banko wuta gaba ɗaya, ya yanke, ya banko ta ɗaya gefen. Ki ɗauka an ce ki yanka wuyan riga zagayayye, ke kuma kika yanka shi kusurwa huɗu. Kai zai shiga, amma mai rigar ba zai daina mita ba. Gurnanin da zafin ke nan.

Mu abin da muke yi a nan, akwai wasu 'yan makunnai ƙanana da ba su kai farce ba, muna sa su buɗe su rufe sau dubbai, wani buɗin gajere wani dogo, sannan mu bi da wutar ta cikin naɗin wayar jan ƙarfe ta fito sumul. Faɗa da baki ba wuya. Ki zo ki ga teburina, tarkacen waɗanda suka ƙone ya cika gwangwani.

Kafin a samu mafita, kada ki haɗa keke da fanka lokaci guda, kuma ki riƙa hutar da shi kamar yadda kike yi. Akwai wani ɗan faranti a jikin injin mai rubutu, ki kwafo mini duk abin da ke kai, ko ba ki gane ba. Ki kuma lura ko fitila tana dusashewa lokacin da kika fara takawa.

Kin tambayi shiruna. Yaya, akwai abin da nake ɗauke da shi 'yan watannin nan, ban gaya wa kowa a gida ba. Mun yi shawara da Malam a bari sai ya zauna da kyau, don kin san an sha sa rai abu ya lalace. Shi ya hana ni sukuni, abinci ma turawa kawai nake yi, ga hayaƙin dalma da muke liƙa waya da ita yana sa ni ciwon kai. Ki taya ni da addu'a Allah ya sa in sauke lafiya. In ya tabbata ke za ki fara ji.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta, Autar Umma,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, lafiyar da rabonmu da irinta an daɗe. Ya jikin naki?

Na karanta ƙarshen takardarki sau ban san adadi ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana, na wanke fuska na fito. Kin ce ba a gaya wa kowa ba, na kuwa yi niyyar riƙewa, Allah ya sani. Amma Umma ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Me Auta ta rubuto?" Na ce maganar wuta ce. Ta ce, "Maganar wuta ce ta sa idonki ya yi ja?" Kin san ba a yi wa matar nan ƙarya a tsaye. Na karanta mata wurin. Ta ɗaga hannu sama ta daɗe tana motsa baki. Da yamma sai ga ta ta zagaya tsakar gida ba sanda. Ta ce kada a yi miki maganar a waya, abu ne mai son sirri, kuma ni ma na ga haka. Shi ya sa da kika kira ran nan ba ta ce miki komai ba sai, "Kada ki ɗaga abu mai nauyi." Na ji kina cewa ai akwai masu ɗaga batura, har na ƙunshe dariya.

Yanzu ki saurare ni, ni na riga ki bin hanyar nan. Wannan hayaƙin dalma ki yi nesa da shi, ki sa wani ya liƙa miki. Ki riƙa cin abu kaɗan kaɗan, ko busasshen burodi ne da shayi. Tsayuwa mai tsawo ba taki ba ce yanzu. In shugabanku mai hankali ne zai gane.

Na kwafo rubutun farantin a bayan takardar nan, sai da na kwanta a ƙasa da tocila, babbar 'yata tana karanto mini. Fitila kuwa tana dusashewa sosai in na fara takawa, sai keken ya kama gudu take dawowa. Amma don Allah ki ajiye maganar kekena, zan ci gaba da fifitata. Ba shi ne a gabanmu ba.

Taki mai murna,
Yaya

*

Auta,

Assalamu alaikum. Mu lafiya, sai dai hankalinmu ba a kwance yake ba.

Direba ya je ya dawo, ya sake komawa ya dawo, hannu wofi. Wayarki ba ta shiga. Da na gaji na kira Malam, ya ce kin tafi gwajin na'ura wani ƙauye mai nisa inda babu sabis, hanyar ma sai mota mai ƙarfi. Haka ya faɗa yana dariya, wai kada mu damu, ai ke jaruma ce. Umma tana gefe ta ji. Ban taɓa jin ta faɗi laifin mijinki ba sai ranar. Ta ce, "Mai ilimi, amma ya bar ta a kan hanyar gargada a wannan hali?" Da ƙyar na hana ta karɓar wayar.

Ni ma raina bai so ba. Aiki ba ya ƙarewa, Auta. Abin da kika daɗe kina jira shi ne ba a wasa da shi.

Ga ɗan ƙunshi nan. Da keken ya yi zafi ina jiran ya huce, sai in ɗauki allura in yi da hannu, daga wani yadi mai laushi da na daɗe da ɓoyewa. Umma ce ta yi kalmasar bakin 'yar hular da ke ciki, idonta bai hana ta ba. Ki ajiye a ƙasan akwati. Ki aiko ko layi ɗaya ne.

Yaya

*

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na dawo lafiya, na yi baƙi na rame, amma lafiyata ƙalau. Malam yana gaishe ku, ya ce a ba Umma haƙuri duk da bai san laifinsa ba sai jiya.

Na tarar da takardunki biyu da ƙunshi a kan tebur. Da na karanta ta farko ban gane ba, na ce yau kuma me ya sa Yaya take ba ni burodi? Sai na kwance ƙunshin. Yaya, ba ciki gare ni ba. Na faɗa miki tun a nan don kada ki ci gaba da karatu da sa rai.

Na je na tuno abin da na rubuta miki, kalma bayan kalma, na ga ko ni ce aka aiko wa haka abin da zan fahimta ke nan. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga nan ban san lokacin da dariyar ta juye ba. Malam ya shigo ya same ni da hular nan a tafin hannu, ya karɓa ya juya ta, ya zauna kusa da ni. 

Kada ki zargi kanki, ban ji haushi ba. Abin da na gani a ƙunshin nan shi ne yadda kuka daɗe kuna taya ni jira ba ku taɓa nuna mini ba. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba don kunya. Mun ga likitoci, ni da shi duka, an yi abin da za a yi. Ba su ce ba zai yiwu ba, ba su kuma ce zai yiwu ba. Akwai shekarar da ko kukan jariri na ji a mota sai na sauka. Wannan ya wuce. Yanzu in ya zo muna so, in bai zo ba gidanmu ba kango ba ne. Muna cin abinci muna dariya, ɗalibansa suna cika mana falo. Ina so ki yarda da ni a kan wannan, ba ƙarfin hali nake yi miki ba.

Abin da nake ɗauke da shi kuwa inbata ne. An daɗe ina gyara zanen wasu, sai bana aka ce in zana nawa tun daga tushe, ƙarami mai sauƙin kuɗi, na masu shago da ƙananan asibitoci. Sau biyu a baya ana fara irin wannan aiki a soke, shi ya sa na yi shiru. Ya kuwa ba ni wuya. In fitila ce kawai, wutar takan fito sumul a allon awo, gwanin kyau. Da an haɗa inji mai juyawa sai ka ji fau, hayaƙi ya tashi. Inji in zai tashi yana zuƙar wuta ninkin abin da yake ci in ya kama gudu, abin da ya sa fitilarki dusashewa ke nan. Inbatan nawa kuma garin gaggawar cike gurbin sai makunnai biyu da bai kamata su haɗu ba su buɗe tare, su ƙone. Sai da na sa ɗan jinkiri tsakaninsu, wannan ya rufe tukuna wancan ya buɗe, na kuma koya masa ƙara wuta a hankali maimakon ya zabura. Tun da takardarki ta farko ta iso, kafin tafiyata, na sa aka nemo mini tsohon injin keke irin naki a kasuwa, da shi muka yi ta gwaji. Abokan aikina har sun sa masa suna Keken Yaya.

A ƙauyen, a wani ɗan asibiti muka kafa shi. Firjin magani, fankoki, da injin jan ruwa duk a kansa. Ranar da aka tayar da injin ruwan ina tsaye hannuna a kan makashin wutar. Allurar mita ta ɗan rusuna ta miƙe. Ma'aikaciyar jinyar ma ba ta san an yi wani abu ba, tana ta rubutunta a ƙarƙashin fanka. Ni kaɗai na fita waje na jingina da bango.

An amince za a fara ƙerawa. Na roƙi ɗaya daga na gwaji, ga shi nan Direba zai kawo miki, a samu mai gyaran wuta ya haɗa, na zana masa yadda zai yi. Kayan jariri kuma, in kin yarda, matar abokin aikina ta kusa haihuwa, zan ba ta rigunan. Hular zan riƙe.

Saura Umma. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Ki karanta mata takardar nan duka, kada ki tsallake ko'ina.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ki ce da Malam an wanke shi, Umma da kanta ta ce a gaishe shi da kyau.

Da na karanta takardarki na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baban yara ya yi mini dariya har da riƙe ciki, ya ce mace ta rubuto shafi guda a kan wutar lantarki, ni layi uku kawai na gani. Da ya ga fuskata ya bari. Ki ba da rigunan, Allah ya raya mai sawa. Abin da kika ce in yarda da ke a kai, na yarda. Na san rubutunki in kina ɓoye kuka, wannan ba shi ba ne.

Kwana na yi da takardar a aljihu ina zagaye Umma. Washegari da hantsi na same ta tana tsince wake a tire, na zauna na karanta mata tun daga sallama. Da na zo inda kika ce ba ciki gare ki ba, hannunta ya tsaya. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba. Na kai har ƙarshe. Can ta ce, "Sake karanta mini inda ta sauka daga mota." Na sake. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Yarinyar nan ita kaɗai ta sha wannan, muna nan muna cin abinci." Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na bar ta.

Da la'asar mai gyaran wuta ya zo. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana leƙen cikin akwatin ta ramukan iska, ya bi zanenki ya haɗa, ya cire tsohon ya ajiye a gefe. Ya ce in taka. Auta, sai da na duba ko an kawo wuta ne. Keken ya tafi sululu, ba abin da kake ji sai allura. Na ɗinke riga, na ɗinke wando, na taɓa injin, ɗumi kawai kamar goshin mai lafiya. Na ce a kunna fanka a kai, a kunna firji ma. Fitila ko ƙiftawa. Kayan makaranta na kai su da sauran kwanaki, shugabar har ta ce za ta haɗa ni da wata makarantar.

Ana cikin haɗawa Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofar shagon ɗinkina da ke jikin gida. Mai gyaran ya tambaye ni a ina muka sayo, wane kamfani ne, yana so ya samo wa mutanensa. Kafin in buɗe baki ta ce, "'Yata ce ta yi shi." Ya ce, "A can take aiki ke nan?" Ta ce, "Ban ce maka aiki take ba, na ce ita ta yi shi." Tun ranar duk wadda ta shigo gaishe ta sai an kai ta shago ta ga akwati. Jiya na ji tana yi wa maƙwabciya bayani wai wutar batir ba ta da ladabi, Auta ce ta koya mata.

Yanzu haka tana zaune a gefena, ta ga ina rubutu ta ce in ajiye nawa surutun in rubuta nata. Ga shi yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba:

"Auta, ni ce. Na ji saƙonki. Ban haife ki don ki biya ni da jika ba, ina da su har suna hana ni barcin rana. Abin da ya ɓata mini rai ɗaya ne, kin yi ciwo ba ki kawo mini ba. Kada ki sake. Ki ɗauki hutu ki zo ke da mijinki, ina so in ga ramar nan da idona."

Ta ce in rufe haka, kada in sa komai a ƙasa. To kin ji. Ki aiko mana da ranar, in gyara muku ɗaki.

Taki,
Yaya